Yadda Ake Zaɓen Salansa Mai Kyau Don Motar Janwe

Motar janwe ita ce motar da ake kira idan wata mota ta lalace a hanya, ko ta faɗa rami, ko ta kafe a taɓo. Aikinta jan nauyi ne. Wani lokaci takan ja motar da ta kai ta nauyi, har ma wadda ta fi ta. Saboda haka injinta yana shan wahalar da injin ƙaramar mota ba ya sha. Masu irin wannan mota suna kula da taya da sarƙa da birki. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinta da ba a cika tunawa da shi ba sai ya fashe ko ya faɗo a hanya. Wannan abu shi ne salansa.

Direbobi da yawa suna ganin cewa ƙarfi da shiru ba sa haɗuwa a mota ɗaya. A ganinsu, mai son ƙarfi sai ya haƙura da ƙara, mai son shiru kuma sai ya haƙura da ƙarfi. Wannan ne ya sa wasu ke kai mota wajen mai walda, a farke salansa a kwashe kayan cikinta. Maganar kuwa ba haka take ba. Akwai salansar da hayaƙi ke wucewa ta cikinta a sauƙaƙe, kuma tana kashe ƙara. Abin da ake dubawa shi ne ginin cikinta, da girman jikinta, da faɗin bututunta.

Daga Ina Ƙarar Take Fitowa?

A cikin inji akwai silinda, wato ramukan da ake ƙona mai a ciki. Kowace silinda tana ƙona mai sau ɗaya a duk juyi biyu na inji. Da man ya ƙone sai bawul ya buɗe, hayaƙi mai zafi ya fito da ƙarfi kamar an harba bindiga. Inji mai silinda 6, idan yana juyi 2,000 a minti ɗaya, yana yin wannan harbi sau 6,000 a minti. Wato sau 100 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Haɗuwar waɗannan harbe-harbe ita ce rurin da ake ji.

Aikin salansa shi ne ta tausasa wannan harbi kafin ya fito waje. Ba yau aka fara ta ba. Tun a shekarar 1897 wani Ba'amurke mai suna Milton Reeves, na Jihar Indiyana, ya sami takardar mallakar fasahar salansar inji.

Sai dai inji yana numfashi kamar mutum. Yana shaƙar iska, yana fitar da hayaƙi. Idan aka ɗora wa mutum buhun gero, sannan aka toshe masa hanci ɗaya, ba zai yi nisa ba zai galabaita. Haka inji yake. Idan hanyar hayaƙi ta yi matsi, sai ya riƙa ɓata ƙarfinsa wajen tura hayaƙin waje. Zafi ya taru a kan inji, mai ya ƙone da yawa, mota kuma ta rasa ƙarfin hawan tudu.

Abin Da Ya Bambanta Janwe Da Sauran Motoci

Da farko, janwe takan daɗe tana tafiya a ƙaramar giya, direba ya taka totur ƙasa. A wuri irin Hawan Kibo, a kan hanyar Jos, injin zai yi mintoci yana aiki da dukan ƙarfinsa. A irin wannan lokaci zafin hayaƙin dizal yakan haura digiri 500 a bakin inji. Salansa mai matsi tana ƙara wannan zafi.

Na biyu, direban janwe yakan yi awoyi a gudu iri ɗaya, domin ba a gudu da mota a baya. Akwai wani gurnani mai kauri da ke cika kan mota idan inji ya tsaya a juyi ɗaya yana jan nauyi. Ba ya da tsini a kunne, amma yana sa ciwon kai da gajiya da gyangyaɗi.

Na uku, aikin janwe aikin mutum biyu ne ko uku. Lokacin da ake jawo mota daga rami, inji yana ruri a tsaye, yaron mota yana can baya wajen waya da ƙugiya. Idan ya ce, "Oga, tsaya!" dole ne direba ya ji shi nan take. Daƙiƙa biyu sun isa a rasa hannu ko ƙafa.

Na huɗu shi ne lafiyar kunne. Ana auna ƙara da ma'aunin desibel. Hirar mutane tana kusan desibel 60. Masana lafiyar ma'aikata sun ce wanda yake zama cikin ƙarar desibel 85 na awa 8 a kullum, jinsa yana cikin haɗari. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. A desibel 100, minti 15 ne kawai. Babban inji mara salansa yana iya wuce wannan idan an tsaya kusa da shi. Jin da ƙara ta lalata kuwa ba ya dawowa.

Ire-Iren Salansa Guda Uku

Iri na farko shi ne mai ɗakuna. A cikinta akwai farantan ƙarfe da suka raba ta ɗaki-ɗaki. Hayaƙi yana karo da bango, ya juya, ya shiga ɗaki na gaba. Ƙarar tana komowa tana karo da 'yar'uwarta, sai su kashe juna. Wannan iri yana daɗewa, domin babu abin da zai ƙone a ciki. Amma kowane karo yana rage gudun hayaƙi. Wasu daga cikinsu kuma an yi su ne don masu son ruri, kuma su ne suka fi kawo gurnani a kan mota.

Iri na biyu shi ne mai kai-da-komo. A cikinta akwai bututu biyu ko uku masu huji-huji. Hayaƙi yana tafiya gaba, ya dawo baya, ya sake yin gaba kafin ya fita. Irin wannan ne ya fi zuwa da ƙananan motoci daga kamfani. Ya fi sauran shiru. Matsalarsa ita ce idan ya yi wa injin kaɗan, yakan shaƙe shi.

Iri na uku shi ne mai miƙaƙƙen ciki. Bututu ɗaya ne ya ratsa ta daga baki zuwa baki, an huda shi da ƙananan ramuka masu yawa. An naɗe bututun da audugar gilashi ko zaren ƙarfe, sannan aka rufe da jikin salansa. Hayaƙi yana wucewa kai tsaye, ita kuma ƙara tana shiga ramukan, audugar ta shanye ta. Misalinsa kamar ɗakin da aka shimfiɗa katifu da tabarmi ne, wanda magana ba ta amsa-kuwa a ciki. Wannan iri ya fi duka barin hayaƙi ya wuce.

To, wanne ya dace da janwe? A mafi yawan lokaci iri na uku ne, amma da sharaɗi ɗaya: ya zama babba. Ƙaramar salansa mai miƙaƙƙen ciki, irin wadda samari ke sa wa motoci, ba ta da maraba da bututu tsura. Doguwa mai kauri kuwa tana da wurin zuba auduga da yawa, kuma yawan audugar shi ne yawan shirun. Saboda haka mai mota ya shiga ƙarƙashinta da awo, ya ga iyakar tsawo da kaurin da wurin zai ɗauka, ya nemi mafi girma da za ta shiga. Idan babbar mai kai-da-komo ce aka samu, wadda kamfani ya yi wa wannan injin, ita ma ta wadatar.

Idan an ɗaura amma gurnani bai tafi ba, akwai ƙaramar salansa da ake sawa a tsakiyar bututu, gaban babbar. Makanikai suna kiranta razaneta. Ita ma miƙaƙƙen ciki gare ta, don haka ba ta tare hayaƙi sosai. Aikinta rage sautin da babbar ta bari.

Faɗin Bututu

Ana auna bututun hayaƙi da inci. Ƙarin rabin inci ba ƙaramin abu ba ne. Bakin bututu mai inci 3 ya fi na inci 2 da rabi fili da kashi 44 cikin ɗari. Shi ya sa salansar ƙaramar mota ba ta yi wa babbar mota, ko da mai walda ya iya haɗa su.

Ƙa'ida ta farko ita ce kada bakin salansa, da bututun da ke cikinta, su gaza bututun da kamfani ya sa wa motar. Wata salansar bakinta inci 3 ne amma cikinta ya tsuke. A leƙa a gani.

Ƙa'ida ta biyu ita ce kada a wuce gona da iri. A injin da ba shi da turbo, bututu mai faɗi da yawa yana sa hayaƙi ya yi sanyin gudu. Hayaƙin da ke gudu da kyau yana taimakawa wajen jawo na bayansa daga silinda. Idan gudun ya mutu, ƙarfin tashi daga tsaye yana iya raguwa, alhali shi ne janwe ta fi buƙata. Bututu mai faɗi kuma ya fi gurnani. Daga nan ne aka samo maganar nan ta gareji cewa inji yana son a ɗan toshe shi. Toshewa ba ta amfanar inji. Abin da yake so shi ne bututu daidai da girmansa. Ga irin wannan inji, a tsaya a faɗin kamfani, ko a ƙara rabin inci kawai.

Injin dizal mai turbo kuwa daban yake. Shi turbo hayaƙi ne ke juya shi, kuma yana aiki da kyau idan hanya a buɗe take a bayansa. Yana kuma rage ƙara da kansa, domin yana daddatsa harbin hayaƙin. Saboda haka babbar salansa mai miƙaƙƙen ciki ta fi dacewa da shi.

A nan ma a kula da lanƙwasa. Bututun da aka lanƙwasa da wuta har ya lotse, ko aka yanka aka haɗa da kusurwa mai kaifi, yana tare hayaƙi fiye da salansar kanta.

Abubuwan Da Ba A Cirewa

Manyan motoci da yawa, irin su Mercedes 911, suna da birkin hayaƙi. Wani murfi ne a cikin bututu, wanda ke rufewa idan direba ya danna shi a gangara, sai inji ya riƙe mota. Ga mai jan nauyi wannan abu rai ne, domin yana hana birkin ƙafa yin zafi. Kada mai walda ya yanke shi da sunan buɗe hanya.

Motocin zamani kuma suna da wata tukunya a kan bututu mai tace gubar hayaƙi. Makanikan Nijeriya suna kiranta Indomie, saboda cikinta ya yi kama da taliyar. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, shi ya sa ɓarayi ke sace ta, wasu kuma ke ruɗar mai mota ya sayar. Sabbin motocin dizal suna da matacin baƙin hayaƙi ban da ita. Waɗannan ba salansa ba ne. Cire su yana ƙara guba a iska, yana kuma iya rikita kwamfutar motar. Idan sun toshe, a kai wa wanda ya san aikinsu.

Irin Ƙarfen Da Aka Yi Ta Da Shi

Salansa ta fi ruɓewa daga ciki. Dalili shi ne ƙonewar mai tana fitar da ruwa, kusan lita ɗaya a kowace litar mai. Yawancinsa yana fita a tururi. Amma idan ana kunna mota a kashe ba ta yi zafi ba, ruwan yakan kwanta a cikin salansa ya ci ta.

Baƙin ƙarfe tsura ya fi araha, ya kuma fi saurin tsatsa. Wanda aka shafe da alminiyam ya fi shi daɗewa. Mafi kyau shi ne ƙarfen da ba ya tsatsa. Shi ma iri biyu ne a kasuwa. Mai lamba 409 yakan yi ja a sama amma ba ya saurin hujewa, kuma maganaɗisu yana kama shi. Mai lamba 304 ya fi tsada, ya fi daɗewa, maganaɗisu kuma ba ya kama shi sosai. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Salansar da za a canja kowace damina ta fi mai tsada cin kuɗi.

Gwaji A Kasuwa

Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne, ko a Fanteka ta Kaduna, ko a shagon garinsu, mai saye ya tafi da tocila da abin awo da lambar injinsa. Ga abubuwan da zai yi:

1. Ya haska cikinta. Idan miƙaƙƙen ciki ce zai ga haske ta ɗaya bakin. Ya duba ko ramukan bututun a shafe suke. Wadda aka tura leɓunan ƙarfe cikin hanya tana tare hayaƙi.

2. Ya ƙwanƙwasa jikinta. Mai cike da auduga sautinta a dushe yake. Idan ta yi ƙara kamar gwangwani, audugar ta ƙone ko ba a sa isasshiya ba.

3. Ya girgiza ta. Idan wani abu yana kaɗawa, faranti ya ɓalle a ciki, kuma wata rana zai toshe hanya.

4. Ya ɗaga ta. Tsakanin biyu masu girma ɗaya, mai nauyi ta fi kaurin ƙarfe.

5. Ya duba walda da bakin ɗinki, ko akwai tsaga ko baƙin tabo. A kan ta-hannu, baƙin tabo alamar yoyo ne.

6. Ya duba kibiya ko rubutun da ke nuna bakin shiga da na fita, domin wasu ba a juya su.

Ya kuma tambayi mai shago daga wace irin mota aka ciro ta, ko wane inji aka yi wa ita. Salansar injin fetur ba lallai ta yi wa dizal ba, domin baƙin hayaƙin dizal yana cushe ƙananan ramuka.

Wajen Ɗaurawa

Inji yana motsi, bututu kuma yana miƙewa idan ya yi zafi. Don haka ba a walda salansa a jikin shasi kai tsaye. Da roba ake rataye ta. A bar tazara tsakaninta da tankin mai, da bututun birki, da wayoyin wuta, da taya. Inda tazarar ta yi kaɗan a sa farantin kare zafi.

A ɗaga ta sama yadda ba za ta taɓa ƙasa ba, domin janwe tana shiga gona da kwari. Da kaka da rani, salansa mai zafi tana iya kunna busasshiyar ciyawa ko karan dawa. Direba ya duba inda zai tsaya kafin ya fara jan waya.

Bakin hayaƙi ya fita daga ƙarƙashin mota. Idan ya ƙare a ƙasan bodi, ƙara tana komowa cikin mota, hayaƙi ma haka. Ga janwe, bai kamata ya kalli baya kai tsaye ba. A nan ne yaron mota ke tsayawa, kuma a nan ne motar da ake ja take, sau da yawa da mutum a ciki yana riƙe da sitiyari. Gara ya fita ta gefe, nesa da inda ake sarrafa waya, ko ya miƙe sama a bayan kan mota har ya wuce rufi. Wanda ya kalli sama yana buƙatar murfi ko lanƙwasa a baki, don kada ruwan sama ya shiga.

Gubar Da Ba A Gani

A cikin hayaƙin mota akwai wata iska da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Injin fetur ya fi fitar da ita, amma na dizal ma yana fitarwa. Alamunta su ne ciwon kai da jiri da amai da jin barci. Wanda ya kwanta a mota, inji yana aiki, bututu yana yoyo, yana iya ƙin tashi.

Bayan an ɗaura salansa, a kunna mota a fili tun inji bai yi zafi ba. Mutum ɗaya ya tare bakin bututu da tsumma na ɗan lokaci, wani ya saurara. Duk inda ake jin huci, akwai yoyo. A gyara kafin a fita aiki. Kada a yi wannan gwaji a rufaffen gareji.

Doka Da Haƙƙin Jama'a

Dokokin hanya na Nijeriya sun wajabta wa kowace mota salansa mai aiki. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci, suna iya tare motar da ke yawan ƙara ko hayaƙi. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ita ma tana da ƙa'idojin hana yawan ƙara tun 2009. Ban da doka, janwe takan ratsa ƙauyuka da tsakar dare, inda akwai jarirai da marasa lafiya da dabbobi masu firgita.

Wani abin lura shi ne sabuwar salansa ba ta mai da ƙaramin inji babba. Idan tsohuwar ta toshe ne, direba zai ji bambanci tun a tudun farko. Idan lafiyarta ƙalau, ƙarin ƙarfin kaɗan ne. Motar da ke baƙin hayaƙi ko rashin ƙarfi, a fara duba matacin iska da nozul kafin a ɗora wa salansa laifi. Ita ma mai auduga tana tsufa. Idan ƙararta ta fara ƙaruwa bayan shekaru, audugar ce ta ƙare, lokacin canji ya yi.

Mai janwe ya riƙa leƙa ƙarƙashin motarsa duk lokacin da ake juyen baƙin mai. Ya duba robobin rataya da mahaɗan bututu da jikin salansar. Rigakafi ya fi magani.